Sai Ciyawata Ta Yi Fure

Litinin, 3 ga Fabrairu, da yamma

Likita Thiessen ta danna mini wuya da yatsunta masu sanyi, ta juyo allon kwamfuta ta nuna mini hoton, sannan ta kira abin da sunansa. Ni ba zan kira shi ba, ai littafina ne. Ƙullutu ne dai a maƙogwaro, ta hagu, bai wuce ƙwan tantabara ba. Ta ce za ta cire shi ran sha tara ga wata.

A Saskatoon ɗin nan, inda maƙwabcinmu ya shekara biyu yana jiran a gyara masa gwiwa, ni an ba ni mako biyu. Ban ji daɗin wannan karramawar ba ko kaɗan.

Na ce, "Likita, ba zai yiwu ba. Ina da shuka."

Ta dubi taga, ƙanƙara ta rufe rabin gilashi. "Shuka? A Fabrairu?"

Sai Orest, mijin da Allah Ya haɗa ni da shi, ya cire hula ya ce, "Ciyawa ce, Likita. Shekara da shekaru tana noma ta a ƙarƙashin benen jami'a, har yau ban ga wanda ya ci ba."

Na taka masa ƙafa, na yi wa likita bayani. Makon jiya na shuka ragowar irin da nake da shi, tsohon iri ne, tara kaɗai suka tsiro. Nan da wata guda za su yi fure, kuma dole in yi musu barbara da hannuna, fure ɗaya-ɗaya, cikin 'yan kwanakin da furen yake karɓa. In na kuskure, aikin rabin rayuwata ya bi ruwa. Da sun yi fure zan kawo kaina in kwanta mata.

Ta ce ba ta son jinkirin, amma wuyana ne. Orest ya ja mota muka kama hanyar gida. Mutumin da ya tsufa yana tuƙa motar 'yan makaranta bai taɓa ɓatan hanya ba, yau sai da ya wuce layinmu.

Talata, 4 ga Fabrairu, da hantsi

"Ciyawa ce." A gaban likita! Bari in rubuta saboda jikoki, kada su taso su ji daga bakin kakansu.

Eh, ciyawa ce, ba ta kai tafin hannu ba, kuma ko zomo ba ya kula ta. Amma a bakin saiwarta akwai ƙwayoyin jiki sababbi ful, waɗanda ba su san me za su zama ba tukuna. Sai ƙwayoyin gado su zauna taro a cikinsu. Wannan ya kunna wancan, wancan ya toshe wa na uku baki, na ukun ya kai ƙara wajen na huɗu, har dai a yanke: ke fata, ke hanyar ruwa, ke gashi. Daga nan kowa ta daina rabuwa ta kama aikin gabanta. A cikin taron akwai dattijo guda mai tsawatarwa, shi ne mai cewa ya isa haka. Ni na raunana shi a ciyawata. Sai ƙwayoyin suka yi ta rabuwa, suna ta taruwa, babu mai zama komai, sak kwamitin sashenmu. Barbarar da zan yi ita za ta nuna mini wa dattijon yake ba umarni, wa kuma yake ba shi.

Irin wannan dattijon yana nan a jikin mutum ma. Shi ya haɗa ni aiki da Delphine Arcand ta ɓangaren binciken ciwon daji, ni ina da saiwa, ita tana da faranti cike da ƙwayoyin marasa lafiya. Ban gaya mata zancen jiya ba. Matar nan ba ta iya tausayi shiru ba, sai ta yi maka faɗa.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da safe

Na sauka ɗakin raino. Zafi mai daɗi, fitilu fes, tukwanena tara a jere. Na ɗan taɓa agogon fitilun. Tsimin wuta ne, kowa ya san jami'a tana kuka da yawan shan wuta.

Ciyawar nan tsawon yini take ƙirgawa. In aka ba ta haske awa sha shida sai ta ce bazara ta yi, ta yi fure cikin wata guda. In aka ba ta awa takwas sai ta ce har yanzu hunturu ne, ta zauna tana ta jera ganye kusan wata uku.

Wannan ilimi ne kawai, na rubuta don kada in manta.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da rana

Orest ya rantse mutum ɗaya ya gaya wa zancen wuyana, ƙanwarsa Stefka. Ai da ya sani ya kai gidan rediyo, da an rage masu ji. Tun safe matan coci suke sintiri a ƙofata, kowacce da tukunya a hannu da fuskar jana'iza. Pirogi, wato ɗan curin fulawa mai cike, wani mai dankali, wani mai cuku, naɗin kabeji, miyar gwoza ja. Firij ya cika, mun jera sauran a baranda, can ma ya fi firij ɗin sanyi.

Stefka ta riƙe mini hannu ta ce, "Yaya Verna, me ake jira?"

Na yi mata bayanin barbara.

Ta ce, "Tsaya. Wato aure za ki ɗaura wa ciyawa, shi ya sa kika bar abu a wuya? Tabɗi. Ni dama na ce karatun nan ya yi yawa."

Na ce ta gaida gida.

Talata, 11 ga Fabrairu, da safe

Jolene, sakatariyar likita, ta bugo. Murya zaƙi-zaƙi. "Ya furannin namu, Farfesa?" Na ce ba su fito ba, Jolene. Ta ce za ta sake bugowa Talata mai zuwa. Na ce kada ta wahalar da kanta. Ta ce ai ba wahala.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da yamma

Tun da ya yi ritaya Orest ne yake kai ni yake ɗauko ni, wai tuƙina yana ɗaga masa jini. Ƙarfe huɗu yake zuwa. Kwanan nan aiki ya yi mini yawa a ofis, can hawa na huɗu, sai bakwai ko takwas nake saukowa. Aiki ne sosai. Yau na jera littattafan kanta bisa launi.

A gida kuma ba ya barin wuyana ya huta. In ina shan shayi, idonsa na kai, irin kallon da yake yi wa tayar mota kafin doguwar tafiya. Jiya na ce, "Malam, fuskata tana nan sama." Ya ce shi agogon bango yake kallo. Agogon yana bayansa.

Na ce ya daina zuwa da wuri yana daskarewa a mota. Ya ce shi ba ya daskarewa. Na ce to a ina kake jira? Ya ce, "Ina nan dai." Oho.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Pirogi.

Talata, 18 ga Fabrairu, da safe

Jolene. Ba su fito ba, Jolene.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da rana

Yau ne da an yi mini aikin wuyan. Na koyar da aji biyu, na yi surutu awa uku ba ruwa, har wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce ko za a ɗan huta. Na ce in ya gaji da jin muryata ya fita, ni ban gaji ba.

Itatuwa ma suna yin ƙullutu. Akwai wata bishiyar tuffa a bayan gidanmu da wani ƙato a gindinta tun kafin mu sayi gidan, kuma duk shekara tana 'ya'ya. Dalili, ƙwayoyin tsiro kowacce tana da katanga, inda aka haife ta nan za ta mutu. Na mutum ne 'yan yawo. Na tsaya ina kallon bishiyar ta taga har kofi ya huce.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, da yamma

A rediyon mota aka sa tallan gwanjon shanu, mai gwanjon yana zuba magana kamar ruwan famfo. Aikin Baba ke nan. Duk kasuwannin shanu daga nan har Yorkton sun san muryarsa. Shekarar da na gama sakandare ya shiga asibiti da wuyansa, ya fito babu murya, sai ɗan allo da alli. Orest ya miƙa hannu ya kashe rediyon, bai dube ni ba.

Ba zan rubuta wannan ba. An yi sanyi ƙwarai yau.

Talata, 25 ga Fabrairu, da safe

Jolene ta ce likita ta ce a tambaye ni ko furen kwakwa nake jira. Na ce a gaya wa likita kowa da fanninsa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, da safe

Wani yana shiga mini ɗakin raino. Na tarar da ɓurɓushin burodi a ƙasa da bokiti a kife a gaban tukwanena, kamar an zauna a kai. Ɗakin kuma yana warin tafarnuwa. Na duba agogon fitilu, yana nan yadda na bar shi, takwas na safe zuwa huɗu na yamma. Na liƙa takarda a ƙofa da jan biro: NAN BA GIDAN ABINCI BA NE.

Litinin, 3 ga Maris, da safe

An ninke takardata an goge teburi da ita. Babu ɓurɓushi yau. Ɓarawon mai tsabta ne, amma tafarnuwar tana nan.

Talata, 4 ga Maris

Ba su fito ba, Jolene. Ta ce, "Kin ce wata guda, Farfesa." Na ce ciyawa ba ta da kalanda.

Da dare abinci ya ɗan tsaya mini a hanya. Na ce pirogin Stefka ne ya yi tauri. Orest ya ajiye cokalinsa, bai ƙara ci ba.

Litinin, 10 ga Maris, da safe

Kai! Kai! Kai!

Uku daga cikinsu sun ɗago kara a tsakiya, da 'yan ƙulle-ƙullen fure a kai. A awa takwas! Bai kamata in ga wannan ba sai ƙarshen Afrilu. Na cire tabarau na goge na mayar, suna nan suna kallona. Munafukan ciyayi, ni na raine ku, ni na san kakannin kakanninku.

Abin haushin, ni nake koyar da wannan a aji. In kan tsiro ya sami dogon yini na wasu kwanaki, taron ƙwayoyin gado yana yanke hukunci ya kulle ƙofa. Wannan ya riƙe wancan, wancan ya riƙe wannan, babu mai sakin wani. Ko ka mai da su cikin rijiya ba za su koma yin ganye ba. Kullum sai na ce wa ɗalibai su ja layi a ƙarƙashin wannan.

Wani yana ba su haske a bayan idona. Mutum biyu ne masu katin shiga, ni da Delphine.

Talata, 11 ga Maris, da yamma

Ban ɗauki wayar Jolene ba. Na haye ofishin Delphine na same ta tana cin gurasarta ta banok a kan takardun ɗalibai.

Na ce, "Ke ce kike kunna mini fitila."

Ta ce, "Sannu da zuwa, Verna, ni ma ina lafiya. Wace fitila?"

"Kada ki raina mini hankali. Ciyawata ta fara kara."

"To ba abin da ake so ke nan ba? Ko so kike ta yi ƙwai?"

Na ce ba lokacinta ba ne. Nan na yi kuskure. Ta ajiye gurasar, ta kalle ni, ta kalli gyalen da nake naɗawa a wuya tun watan jiya a ofis mai zafi kamar gidan burodi. Ashe ƙanwar mijinta tana coci ɗaya da Stefka. Ta ce tun mako na biyu ta ji, tana jira ne ta ga ranar da zan tuna ina da ƙawa. Ta ja ni har ƙasa, ta tsaya gaban agogo.

"Takwas," in ji ta.

"Tsimin wuta ne."

"Tsimin gidanku! Ni za ki gaya wa? Ke kika koya mini abin da awa takwas yake yi, a kan wannan teburin, har da zane."

Na ce ta rage murya, tsirrai ba sa son hayaniya.

Ta ce, "Ciwon daji ne, Verna. Faɗi in ji. Kin rubuta kalmar nan a takardun bincike ya fi a ƙirga, yau ta zama zagi? Na san irin naki. Ƙwayoyin har yanzu suna tuna cewa su 'yan maƙogwaro ne, suna da sauran kunya. Irin wanda ake cirewa a koma gida ne. Amma ki ci gaba da ba su lokaci, za su manta asalinsu su ɗauki jaka. Duk safiya ina ganin waɗanda suka manta a farantina, ba na son ganin naki."

Na ce, "Babana..."

Ta ce, "Na san zancen babanki. Shi taba ya sha tun yana ɗan yaro, ciwonsa daban, zamaninsa daban. Kuma ke ko an cire miki maƙogwaron gaba ɗaya sai kin sami inda za ki yi surutu ta nan."

Sai ta rungume ni da ƙarfi har tabarau ya karkace, tana zagina a kunne. Ta rantse ba ita take kunna fitila ba, amma in ta gano ko wane ne sai ta saya masa giya.

Laraba, 12 ga Maris

Biyar sun fara kara. Ban yi magana da kowa ba, har Orest ya tambaya ko wuyan ne.

Alhamis, 13 ga Maris, bayan mun dawo gida

Na ce yau sai na kama shi. Wajen bakwai na yamma na sauka da takalmi a hannu. Tun daga lungu na hango haske yana fita ta ƙarƙashin ƙofa, lokacin da ya kamata a ce ɗakin ya yi awa uku a duhu. Ga kuma muryar rediyo ƙasa-ƙasa, ana sharhin wasan hoki.

Na tura ƙofa a hankali.

Orest ne. Yana zaune a kan bokiti, ya cire rigar sanyi, burodi da tsiren kubasa mai tafarnuwa a cinya. Na manta sam cewa na taɓa ba shi kati, shekarar da muka yi hutun Kirsimeti yana taya ni ban ruwa. Bai ji ni ba. Ya sunkuya wajen tukunya ta bakwai, wadda ta fi kowa lalaci, yana cewa, "Ke kuma fa? Dubi 'yan'uwanki. Haba 'yar nan, ki taimaka. Ba don ni ba."

Na ce, "Orest Hnatiuk."

Ya zabura, tsiren ya faɗi. "Farfesa! Na ga takardarki, wallahi ina sharewa."

"Tun yaushe?"

"Tun makon farko. Mota sanyi, nan ɗumi. Kullum in na zo huɗu sai in tarar an ɗauke musu wuta, sai in danna makunnin nan na gefe. In kin kira ni kin gama, in kashe in zagayo da mota."

Wato duk ranar da na zauna a sama ina jera littattafai don kada in haɗa ido da shi, ciyawa ce take cin riba. Ni da kaina na yi ta ƙara musu yini. In aka ji wannan a taron masana, sai dai in koma sayar da pirogi.

Na gyara murya na ce, "To, agogon ne ya lalace ke nan."

Ya ɗauki tsiren ya hure shi. "A'a. Na kira Rudy mai gyara tun watan jiya ya duba. Ya ce lafiyarsa ƙalau, wani ne ya saita shi haka da hannu."

Rediyo yana ta ihu, wasu sun ci. Na tsaya da takalmi a hannu.

Ya ce, "Ban tambaye shi ko wa ba. Ni ban san abin da haske yake yi musu ba, Verna, kin sha gaya mini ina gyangyaɗi. Na dai san mai son abu ya girma ba ya kashe masa fitila da la'asar. Na so in juya agogon gaba ɗaya, na ji tsoron ɓata miki aiki. Sai na ce bari in ba su iya zaman da nake yi."

"Me ya hana ka yi mini magana?"

"Magana da ke? Yaushe na taɓa cin gardama a gidan nan? Su dai ba sa ramawa."

Na so in yi masifa. Na tanade ta tun Litinin, mai kyau, da sakin layi. Sai na ji bakina yana cewa, "Tsoro nake ji, Orest. Tsoro nake ji in farka in buɗe baki in ji shiru."

Ya matsa mini gefen bokitin. Bokitin bai isa mutum biyu ba, ballantana mu da muka yi wata guda muna cin abincin coci, amma na zauna. Ya ce shi ma tsoro yake ji, sai dai nasa ba na shirun ba ne. Ya ce in allo ne zai saya mini babba, na makaranta, ya riƙa bina da shi. Abin da ba zai iya ba shi ne kujerar gaba ta mota babu kowa.

Muka cinye tsiren. Ban taɓa cin abinci a ɗakin raino ba sai yau.

Juma'a, 14 ga Maris, da safe

Ni na bugo wa Jolene. Na ce, "Sun fito." Ta yi wata ƙara har na janye wayar daga kunne, na ji tana gaya wa mutanen ofis, har da tafi. Ashe duk hawan sun san zancen. An ba ni ashirin da bakwai ga wata.

Na mai da agogo sha shida. Jami'a ta ji da wutarta.

Alhamis, 20 ga Maris, da yamma

Kwana uku ke nan muna barbara. Furen bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sai ka sa shi ƙarƙashin madubi, ka buɗe shi da hantsaki tun bai buɗe da kansa ba, ka cire mazan ka bar macen tsirara, sannan ka ɗauko furen wancan gidan ka shafa mata garinsa. Na gaya wa likita hannuna kaɗai ne zai iya. To, da hannun nawa na fille kan fure shida a rana ta farko.

Delphine ta ture ni ta ce, "Matsa, tsohuwa." Matar da ba ta taɓa riƙe ko albasa ba ta yi goma a jere babu kuskure, tana yi tana cewa wannan ne aikin da ake yi mana kuri da shi? Na ce sa'ar sabon shiga ce. Orest aka ba ɗaura zaren shaida, yatsunsa kamar ayaba, ya ɗaure tukunya ɗaya da maɓallin rigarsa.

Stefka ta aiko da kek, wai na biki.

Litinin, 24 ga Maris

Sun kama. 'Yan kwanson iri sun fara tsawo, sirara, kore shar. Ba ni da sauran hujja, na duba ko'ina.

Laraba, 26 ga Maris, da yamma

An ce kada in ci komai daga tsakar dare. Na kira 'yarmu a Halifax na yi mata surutu har batirinta ya mutu. Na kira Stefka ma, abin ya kai haka. Na karanta wa Orest takardar injin wanki da ƙarfi tun daga farko har adireshin kamfani, bai hana ni ba.

Ciwon daji. Ga shi nan na rubuta, kuma biron bai fashe ba.

Juma'a, 28 ga Maris, da hantsi, a asibiti

An yi jiya. Ban san komai ba sai farin silin da wuya kamar na haɗiyi cokali. Tun da na farka ban gwada muryata ba. Nas ta tambaye ni suna, na nuna mata abin hannuna mai sunana. Orest ya tambaye ni ko ina son ruwa, na gyaɗa kai. Na ga ya lura, ya kuma ga na ga ya lura, muka yi ta kallon talabijin da ba a kunna ba.

Da safe Likita Thiessen ta shigo. Ta ce ta cire shi duka. Ta ce ta sami abin a kaluluwa biyu na gefe, ta kwashe su, kuma akwai wani magani da zan sha nan gaba don share saura, tana sa ran alheri sosai. Orest ya tambaya ko da an yi a Fabrairu da ba a same shi a can ba. Ta ce ba za ta iya sani ba, kuma ba za ta yi ƙarya ta ce ta sani ba. Babu wanda ya dube ni. Na gode musu, don na ji kunya har cikin ƙashina.

Sai ta ce, "Jijiyar murya na lallaɓa ta, amma sai na ji da kunnena. Farfesa, ce wani abu."

Orest ya riƙe ƙarfen gado da hannu biyu. Na shirya abin da zan faɗa tun daren jiya, kalmomi masu kyau, na haƙuri da godiya, irin waɗanda ban cika faɗa masa ba. Na dube shi sosai don in fara. Na buɗe baki, wata murya ta fito, ta kwaɗo mai mura, amma tawa ce:

"Ka sa rigarka a baibai."

Ya dubi ƙirjinsa. Ɗinki a waje, takardar wuya a ƙarƙashin haɓa. Tun jiya da asuba haka yake yawo a asibitin nan, babu wanda ya gaya masa.

Likita ta ce, "To, murya lafiya," ta rubuta a takardarta.

Shi kuwa ya zauna a kujera ya rufe fuska da hula, ya yi ta kuka kamar yaro. Na bar shi ya yi. Da ya lafa ya share hanci ya ce, "Ƙara faɗa."

Na ƙara.